Ma'aikata su riƙa zaɓen masu tafiyar da kamfani, ko mai jari ne kaɗai mai magana?

Abu Hanan:
Salam jama'ar gida. Akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina. Mun yarda baligi yana da hankalin da zai zaɓi shugaban ƙasa, mai riƙe da sojoji da baitulmali, amma mutumin nan da ya shiga get ɗin kamfani da safe shikenan bakinsa ya mutu, ba shi ya zaɓi manaja ba, ba zai iya cire shi ba, ko sashensu za a rufe sai dai ya ji a bakin masu gadi, kuma a nan yake ƙarar da yawancin awannin da idonsa biyu. Ni dai a ganina ma'aikata su riƙa zaɓen masu tafiyar da kamfani, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Mai ja ya zo da hujja, ban da zagi don Allah.

Hajiya Mai Jari:
Wa'alaikumussalam. Ƙanena, kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ni na tara kuɗina, na ci bashi da sunana, na ba da takardun gidana jingina, na ɗauke ka aiki ina biyanka ƙarshen wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba, sannan ka haɗa kai da abokanka ku kaɗa ƙuri'a ku ce in sauka? Ranar da abin ya karye kai takardunka za ka kwasa ka ƙara gaba, ni kuwa ƙofata banki zai ƙwanƙwasa. Ƙasa ba kai ka zaɓi a haife ka a cikinta ba shi ya sa kake da ƙuri'a, kamfani kuwa da ƙafarka ka zo kuma da ƙafarka za ka iya fita.

Kwamared 77:
Hajiya da girmanki, wannan "da ƙafarka za ka iya fita" maganar wanda bai taɓa jiran albashi ba ce. Ya fita ya je ina? wani kamfanin da shi ma haka tsarin yake? Kuma wa ya ce ma'aikaci ba ya asara? Mai hannun jari yana raba kuɗinsa a kamfanoni goma, ɗaya ya faɗi tara na nan. Ma'aikaci kuwa ƙarfinsa da ƙuruciyarsa da sana'ar da ya iya duk a wuri ɗaya ya zuba su.

Malam Akanta:
Kafin a yi nisa a raba abu biyu don na ga ana cakuɗa su. Akwai kamfanin da ma'aikata ne suka mallake shi gaba ɗaya, su ne masu jari su ne masu aiki, wato ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata. Akwai kuma kamfanin masu jari wanda doka ta ce dole a ba ma'aikata kujeru a majalisar daraktoci. Na farko babu wanda ya hana, yau ma kuna iya haɗa kuɗi ku buɗe. Na biyun ne ke da rigima don a kan dukiyar wani ake magana. Abu Hanan wanne kake nufi?

Abu Hanan:
Duka biyun Malam, amma na farkon ne burina. Kuma ba mafarki ba ne, ga Mondragon, gamayyar ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata, can a yankin Bask na Sifaniya. Wani limamin coci ne, José María Arizmendiarrieta, ya fara da makarantar koyon sana'a, a 1956 ɗalibansa biyar suka buɗe ƙaramar masana'antar risho da hita mai amfani da kananzir. A 1959 suka buɗe bankinsu na kansu, Caja Laboral, don kada su dogara da bankunan waje. Yau mutum wajen dubu 70 ne ke aiki a ƙarƙashinsu, masana'antu da manyan kantunan Eroski har da jami'a. Babban taron mambobi ne ke zaɓen majalisar gudanarwa, ita kuma ta naɗa manaja, kuma albashin babba yawanci ba ya wuce ninki 6 na ƙaramin ma'aikaci. A manyan kamfanonin Amurka kuwa ninki ɗaruruwa ake magana.

Malam Akanta:
Na san za a kawo Mondragon, duk muhawarar nan a duniya sai an kawo ta. To a ba da labarin har ƙarshe mana. Wannan masana'antar ta farko ita ce ta zama Fagor mai firij da injin wanki, kuma a 2013 ta durƙushe. Sauran ƙungiyoyin sun riga sun zuba mata wajen Yuro miliyan 300, da ta nemi ƙarin miliyan 170 suka ce a'a. Mambobin sun yarda an rage musu albashi tun kafin nan amma bai hana ba. Da yawansu ajiyarsu ma a cikin kamfanin take, sai ga aiki ya tafi ajiya ta bi shi, abin da Kwamared ke kuka da shi na zuba komai wuri ɗaya sai ma ya ninku.

Abu Hanan:
Haka ne amma ka tsallake rabin labarin kai ma. Yawancin mambobin Fagor na yankin Bask an rarraba su a sauran ƙungiyoyin Mondragon, wasu aka yi musu ritayar wuri. Nuna min kamfanin masu jari da ya karye sannan maƙwabtansa suka kwashe ma'aikatan.

Maman Khairat:
Mambobi ka ce fa Yaya. Fagor tana da masana'antu a Faransa da Folan da Maroko, waɗancan ma'aikatan ba mambobi ba ne, ba su da ƙuri'a, 'yan albashi ne kamar kowa. Su wa ya kwashe su? Ni wannan ne abin da ke damuna da zancen nan gaba ɗaya. Na yi aiki a masana'anta, a layin shirya kaya cikin kwali, kuma mu kashi biyu ne, akwai masu takardar dindindin akwai mu 'yan kwantiragi da wani ɗan kwangila ya kawo. Aiki ɗaya, tsayuwa ɗaya, amma ko kalar rigarmu daban. Ranar da aka rage mutane takarda aka manna a allon bakin get, muka taru muna leƙe ta kafaɗar juna kowa na bin layi da yatsa yana neman sunansa, wata a gabana ta ga nata ta juya ba ta ce komai ba ta je ta cire takalmin aiki ta ajiye wa mai gadi. Babu sunan ɗan dindindin ko ɗaya a takardar, kuma wlh ƙungiyarsu ba ta ce uffan ba. To da a ce su ke da ƙuri'ar, kuna ganin sunan wa za su rubuta?

Kwamared 77:
Anti wannan laifin shugabannin ƙungiyar ne ba laifin tsarin ba.

Maman Khairat:
Kullum haka kuke cewa.

Injiniya Sule B:
Maman Khairat ta taɓo inda ciwon yake. Ku duba lissafin: mu 50 ne muka mallaki kamfani, mun sha wahala shekaru mun sayi injina mun biya bashi, yanzu riba ta fara shigowa kuma muna buƙatar ƙarin hannu 20. In muka sa su mambobi ribar za a raba 70, ƙuri'armu ma ta ragu. In muka ɗauke su 'yan albashi ribar ta tsaya a 50. Ba sai mutum mugu ne ba kafin ya zaɓi na biyun. A hankali sai ka ga tsofaffin ma'aikata sun zama sabbin iyayen gida. Ya faru da masana'antun falankin katako na ma'aikata a arewa maso yammacin Amurka, sun yi shekaru suna aiki lafiya, amma da hannun jarin kowane mamba ya yi tsada saurayi mai neman aiki ba zai iya saya ba, masu ritaya kuma suna son kuɗinsu, ƙarshe da dama aka sayar wa 'yan kasuwa ko aka rufe.

Amma fa a nan ɗin dai masana tattalin arziki biyu, Craig da Pencavel, suka gano wani abu da ya kamata Hajiya ta ji: idan kasuwa ta faɗi, kamfanin masu jari mutane yake sallama, na ma'aikata kuma kuɗin da kowa ke ɗauka yake ragewa a bar kowa a bakin aikinsa. Asarar tana nan ba ta ɓace ba, yadda ake raba ta ne ya bambanta.

Hajiya Mai Jari:
To ai ka ga magana. In sun yarda su ɗauki asara su ɗauki ƙuri'a, ban da ja. Ko a babin ƙiradi na fiƙihu, mai kuɗi ya ba da jari mai aiki ya juya, a raba riba yadda aka yi sharaɗi, in an faɗi mai kuɗi ya rasa kuɗinsa mai aiki ya rasa wahalarsa, kuma shi mai aikin ba shi da albashi tsayayye. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mutum ya ce yana son albashin da ba ya motsi kuma yana son sitiyari.

Ɗalibar Tattali:
Hajiya ina wuni, a yi min afuwa in sa baki cikin manya. A Jamus an yi abin da kike cewa ba zai yiwu ba kuma ƙasar ba ta rushe ba. Tun 1951 aka fara a kamfanonin kwal da ƙarfe, a 1976 aka faɗaɗa: duk kamfani mai ma'aikata sama da 2000, rabin kujerun majalisar sa-ido na wakilan ma'aikata ne. Mai sama da 500 kuma kashi ɗaya cikin uku. Ita wannan majalisar ce ke naɗa manyan manajoji tana kuma iya sauke su. Ban da wannan, ko wurin mutum 5 ne ma'aikata na da damar kafa majalisarsu ta cikin gida wadda sai da yardarta ake tsara abubuwa irin su lokutan aiki da obataim. Su Siemens da BMW da Volkswagen duk haka suke tafiya, kuma masu kamfanoni sun kai ƙarar dokar 1976 kotun tsarin mulki, a 1979 kotu ta ce dokar ta zauna.

Malam Akanta:
Ɗiyata kin yi karatu, amma ƙara musu da cewa shugaban majalisar daga ɓangaren masu jari yake fitowa, kuma in aka yi kunnen doki ƙuri'arsa biyu ce. Wato an ba ma'aikata kujera da kunne da baki, amma maganar ƙarshe tana inda take. Shi ya sa ma kotun ta bari.

Ɗalibar Tattali:
Gsky ne Baba. Kuma wani bincike da Simon Jäger da abokan aikinsa suka yi ya kwatanta kamfanonin da gyaran dokar 1994 ya cire wa wajibcin ba ma'aikata kujeru da waɗanda bai cire wa ba, ba su ga albashi ya yi wani tashi ba, ba su kuma ga kamfanonin sun lalace ko sun daina zuba jari ba. Masu tsoro ba su ga abin tsoronsu ba, masu buri ma ba su ga aljannar da suke jira ba. Inda ni nake ganin amfaninsa shi ne lokacin tsanani, a 2009 tattalin arzikin Jamus ya ragu da sama da kashi 5 cikin 100 amma rashin aikin yi bai yi wani tsalle ba, don an zauna da wakilan ma'aikata an rage awanni gwamnati ta cike wani ɓangare na albashin maimakon kora.

Baban Gida 01:
Volkswagen ɗin da kuke yabo ba su ne aka kama a 2015 sun sa wa motocin dizal manhajar yaudarar gwajin hayaƙi ba? Ina wakilan ma'aikatan suke lokacin? lol

Kwamared 77:
Ina wakilan masu jarin suke su ma? Ai rabi da rabi ne.

Baban Gida 01:
To shi ne nake faɗa maka, ma'aikaci ba waliyyi ba ne. In gurɓata iska zai tsare masa aikinsa zai kau da kai kamar yadda mai jari zai kau da kai. Mai sayen kayan da maƙwabcin masana'antar su ba su da ƙuri'a a kowanne tsarin.

Injiniya Sule B:
Ni matsalata ta aiki ce ba ta aƙida ba. Akwai shawarar da ma'aikaci ya fi kowane darakta sani. Mai kula da injin yana jin ƙarar bodin ta canza tun kafin wani mita ya nuna, zai gaya maka belin nan ba zai kai ƙarshen wata ba, sai wani a ofis da bai taɓa sa hular kwano ba ya ce babu kuɗin gyara a kasafin bana, bayan sati biyu layi ya tsaya cak a yi asarar ninkin kuɗin gyaran. A irin wannan kam rashin jin maganar ma'aikaci wauta ce tsantsa. Amma akwai shawarar da ƙuri'a ke ɓatawa. A ce sabon injin zai sa sashe guda ya zama ba a buƙatarsa, wa zai ɗaga hannu a kawo shi? Ko a ce ribar bana a raba ko a sayi kayan da sai bayan shekara 10 za su biya kansu, mutumin da saura shekara 3 ya yi ritaya me kake tsammani zai zaɓa? Sannan a miting mai baki ne ke cin zaɓe ba lallai mai iya aiki ba.

Abu Hanan:
Injiniya ai ba cewa aka yi a kaɗa ƙuri'a a kan kowane ƙusa ba. Ko a ƙasa ba a tara mu a kan kowace kwalbati. Zaɓen shugabanni ake yi a ba su wa'adi, su yi aikinsu, in sun gaza a canza. Manajan Mondragon yana ba da umarni kamar kowane manaja, bambancin kawai ya san waɗanda yake ba umarnin su ne za su zauna a babban taro su duba lissafinsa. Batun masu ritaya kuma an yi masa dabara, wani kaso na riba dole ya shiga asusun da ba a rabawa, kason kowane mamba kuma ana tara masa a asusun jarinsa sai zai tafi ya karɓa. Masu hannun jari ma ai ba su fi haƙuri ba, wanda zai sayar da hannun jarinsa gobe da safe shi ne zai damu da shekara 10?

Malam Akanta:
Bari in kawo wanda ba a so a ji. Yugoslabiya ta gwada wannan a ƙasa guda tun daga 1950 zamanin Tito, kowace masana'anta da majalisar ma'aikata. An samu bunƙasa da farko ba musu. Amma da yake masana'antar ba tasu ba ce da za su iya sayarwa ko su gadar, abin da ya fi musu shi ne a ƙara albashi a ci bashin banki don saka jari, kuma ba sa son ɗaukar sabbin mutane. Aka wayi gari da hauhawar farashi da rashin aiki, dubban ɗaruruwa suka tafi ci-rani Jamus ta Yamma.

Kwamared 77:
Malam ƙasa mai jam'iyya ɗaya kake kawo mana misalin dimokuraɗiyya da ita? Daraktan ma sai jam'iyya ta sa albarka. Kawo Italiya mana, dokar Marcora ta 1985, kamfani in zai rufe ma'aikata na iya karɓar kuɗin tallafin rashin aikinsu a dunƙule su saye shi, wani asusu ya ƙara musu jari. Ko Ajantina bayan rikicin 2001, masu masana'antu suka gudu suka bar bashin albashi, ma'aikata suka buɗe ƙofa suka ci gaba da aiki, irin masana'antar tayil ta Zanon a Neuquén. Waɗannan wuraren masu jarin ne da kansu suka ce sun mutu.

Hajiya Mai Jari:
Ka lura duk misalanka na gawa ne? Sai abu ya mutu ake ba ku. Ina wanda kuka fara daga sifili ya zama babba in ban da Mondragon ɗin nan da kuke ta juyawa?

Ɗalibar Tattali:
Akwai Hajiya, SACMI a Italiya tun 1919 tana ƙera injinan yin tayil ana sayarwa duniya, akwai Uralungal ta leburorin gini a Kerala ta Indiya tun 1925. Amma tambayarki tana da ƙarfi, don binciken Gabriel Burdín a Yurugwai ya nuna kamfanonin ma'aikata sun ma fi na masu jari jurewa ba su rufe ba, to in haka ne me ya sa suka yi kaɗan? Ba mutuwa suke yi da yawa ba, haihuwarsu ce ke da wuya. Mai dabarar kasuwanci ba ya son ya raba ta daidai da mutum 30, masu kuɗi ba sa son zuba jari inda ba su da ƙuri'a, ma'aikata kuma ba su da abin jingina. Shi Burdín ɗin ya kuma gano cewa ƙwararrun cikinsu sun fi saurin barin aiki saboda albashin an matse shi kusa da juna.

Baban Gida 01:
United Airlines, kamfanin jiragen sama na Amurka fa? 1994 ma'aikata suka karɓi kashi 55 cikin 100 a madadin rage albashi, 2002 kamfanin ya shiga kotun fatara.

Abu Hanan:
Kujera 3 cikin 12 aka ba su a majalisar daraktoci da wannan kashi 55 ɗin, masu hidimar fasinjoji a cikin jirgi ma ba su shiga ba. An sayar musu da asarar ne aka riƙe mulkin. Kuma bayan harin 11 ga Satumba 2001 kamfanonin jirage nawa ne suka shiga kotun, su ma ma'aikata ne suka kashe su?

Maman Khairat:
Har yanzu dai ba wanda ya amsa min. Ɗan kwantiragi, mai shara da wani kamfani ya kawo, direban da manhaja ke ba aiki, suna cikin "mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya" ɗin ko a'a? In ba sa ciki ni ban ga abin da ya canza min ba, an dai ƙara yawan iyayen gidana ne.

Abu Hanan:
Anti a nawa tsarin duk wanda ya yi shekara yana aiki a wurin dole a buɗe masa ƙofar zama mamba, kuɗin shiga a riƙa cira a albashinsa kaɗan-kaɗan, kuma a sa iyaka ga yawan waɗanda ba mambobi ba.

Maman Khairat:
Sai su riƙa sallamarmu a wata na 11 su sake ɗauka. An yi mana.

Hajiya Mai Jari:
Ni dai ga inda na tsaya. Littafin lissafi zan iya buɗe wa ma'aikata su ga shiga da fita, kaso a riba zan iya bayarwa, wakili a teburin shawara ma ba zan ƙi ba don wanda ya ga lissafi da idonsa ya fi saurin fahimta ranar da na ce babu. Amma ƙuri'ar sauke ni sai wanda ya sa kuɗinsa inda na sa nawa. Kwamared kai kuma tunda dimokuraɗiyya kake so, yaushe rabon ƙungiyarku ta yi zaɓe, kuma kuɗin da ake cira a albashin mutane duk wata wa ya taɓa ganin lissafinsa?

Kwamared 77:
Hajiya wannan wata muhawarar ce daban, a buɗe mata nata zaren.

Maman Khairat:
A'a Kwamared, a nan za ka amsa.